Hannun da Ba Baƙin Mai

A garin Gadarif, a gabashin Sudan wajen iyakar Habasha, akwai wani tsohon bakanike, Bahaushe. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a nan. Gadarif ƙasa ce mai baƙar laka, ƙasar dawa da riɗi. Tun shekarun 1940 ake nome ta da tarakta, saboda haka bakanike a can ba ƙaramin mutum ba ne, gama in tarakta ta kwanta lokacin shuka, gonar wannan shekara ta tafi. Tsohon nan yatsunsa tara ne. Na goman, bel ɗin injin sussuka ne ya cinye shi tun yana saurayi.

Yana da ɗan fari, wanda bisa ga al'ada ba ya kiran sunansa, sai ya ce "yaron nan". Ya so yaron ya gaji gareji. Amma yaron ya tafi Khartum ya yi karatun lantarki, daga can kuma ya sami aiki a Giad, babbar masana'antar da aka buɗe a 2000, kamar kilomita 50 kudu da Khartum, inda aka riƙa haɗa motocin Hyundai da taraktocin Massey Ferguson. Mai karatu wanda ya san kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, zai gane irin wurin.

Da farko tsohon ya yi murna, yana tsammani ɗansa ɗaure inji yake yi. Ran da yaron ya zo hutu kuwa, sai uban ya kama hannunsa ya juya, ya ga tafin sumul, farce fari tas.

Ya ce, "Kai, aikin me kake yi a can?"

Yaron ya ce, "Baba, ni nake gaya wa injuna abin da za su yi."

Tsohon ya saki hannun bai ce kome ba. Shekaru da yawa in an tambaye shi, sai ya ce yaron nan yana aikin ofis.

Ba aikin ofis ba ne. A masana'antar mota, gangar jikin mota tafiya take yi a kan layi, daga wurin walda zuwa wurin fenti, zuwa inda ake sa inji da ƙafafu. Dole wani abu ya san lokacin da layi zai motsa da lokacin da zai tsaya, ya san ko tandun busar da fenti ya kai zafin da ake so, ko ƙofar shingen nan a rufe take. Wannan abu wani ɗan akwati ne a cikin kabad na ƙarfe, ana ce da shi PLC. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya nemi a ƙera irinsa a 1968, domin kafin nan, duk sa'ad da aka sake samfurin mota, sai an kwance dubban wayoyi an sāke ɗaurawa. Akwatin yana da idanu a ko'ina cikin layi, ƙananan na'urori masu jin ƙarfe, ko zafi, ko haske. Injiniya kuwa shi ne mai rubuta masa doka, rubutun kuma kamar tsani yake, kowane mataki sharaɗi ɗaya: in ƙofa a rufe take, in kuma ba kowa a ciki, to, motsa. In ɗaya ya ɓace, tsaya.

A nan gwajin wannan sana'a yake, ko'ina a duniya. Layi ya tsaya, mutane da yawa sun harɗe hannu, manya suna duban agogo, kowa kuma ya zuba wa injiniya ido. Shi kuwa ya san hanya mai sauƙi. Guntuwar waya, tsawon ɗan yatsa, in ya haɗa ta tsakanin wuri biyu, akwatin zai ɗauka ƙofa a rufe take ko da a buɗe take. Layi zai tashi nan da nan, a yaba masa. Ba mai gani, sai ran da wani ya sa hannu a inda yake zaton inji ba zai motsa ba. Injiniyan kirki shi ne wanda zai iya jure harara na rabin sa'a.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu, 2023. Yaron, wanda yanzu magidanci ne, ya kwashi iyalinsa zuwa Wad Madani. A watan Disamba na shekarar nan Wad Madani ma ta faɗi, suka bi ayarin masu gudu zuwa Gadarif. Ya iso gidan ubansa da mata da 'ya'ya uku da kwamfuta ɗaya a jaka. Ba aiki. Ya zauna yana cin tuwon mutumin da ya ƙi gāda, abin kuwa ya yi masa nauyi, ko da yake ba wanda ya goranta masa.

Bayan 'yan makonni, wani attajiri mai injin tace riɗi ya aiko a kira tsohon. Injin yakan yi aiki kaɗan ya mutu, ga buhuna jibge, ga manyan motoci suna jiran lodi zuwa Port Sudan. Tsohon ya duba bel, ya duba mai, bai ga kome ba. Da aka buɗe masa kabad ɗin wuta ya ga fitilu suna ƙyaftawa, sai ya yi shiru, can ya ce a kira yaron nan.

Yaron ya haɗa kwamfutarsa da akwatin, ya bi tsanin mataki mataki. Ya ce injin ba lalacewa yake yi ba, akwatin ne yake kashe shi da gangan, domin babbar motar lantarki tana jan wuta fiye da ƙima.

Attajirin ya ce, "To, Malam, rufe masa ido mana, mu gama lodin yau. Ko nawa ne zan biya."

Yaron yana bukatar kuɗin nan ƙwarai. Ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, ba zan yi ba. Wani abu ne yake riƙe motar. In na rufe masa ido za ta ƙone, ga ƙurar riɗi ko'ina, ga yara suna aiki a gindinta."

Attajirin ya juya wajen tsohon, yana jiran ya tsawata wa ɗansa. Tsohon bai dube shi ba. Ya ce a tā da injin. Ya ɗauki doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a jikin ƙarfe, ya sa ƙotar a kunne, yana matsawa kaɗan kaɗan har ya kai can ƙarshen sandar da take juya rariya. Ya daɗe a wurin. Sa'an nan ya ɗaga hannunsa mai yatsa huɗu ya ce a kashe.

Boris ne ya bushe, ƙura ta cushe shi, saura kaɗan ya kame.

Tsohon ya ce, "Akwatin nan naka ya ji shi tun yaushe?"

"Kwana uku ke nan yana ƙara, Baba. Ga shi a rubuce."

Tsohon ya sunkuya ya dubi lambobin, ko da yake bai iya karanta su ba. Sai ya zaro sifana daga aljihu ya miƙa masa.

"Ungo, kwance shi. Kawo abin nan in riƙe maka, kada ya sha giris."