Kwamfutar Baba

Sunan garinmu Tabla, a bisa hanyar Balleyara zuwa Filinge. Babana ya yi shekaru yana aiki Abijan. A 1986 ya komo gida da wata ƴar kwamfuta. Irin ta zamanin nan ce da aka fito da Commodore 64 a 1982 da Thomson MO5 a 1984. Ba ta da gilashin kanta, sai a haɗa ta da telebijin. Abin da aka rubuta kuma a kaset ake ajiye shi, kamar waƙa.

Bayan rasuwar Baba na buɗe akwatinsa. Na tarar da ita cikin tsumma, tare da kaset guda. A bayan kaset ɗin ya rubuta: "Lissafin yarana."

Ranar Lahadi na ɗauke ta sai kasuwar Balleyara, wurin wani tsoho mai gyaran rediyo. Ina zuwa na kama waya zan soka ga kuran. Ya riƙe mini hannu.

Ya ce: "Ɗana, dakata. Ba a ba jariri tuwo sai an taɓa zafinsa."

Ya nuna mini wani baƙin akwati mai nauyi da ke tsakanin bango da kwamfuta. Ya ce kuran na bango bolt 220 ne, alhali ƙwaƙwalwar kwamfuta bolt 5 take ci. Aikin akwatin nan shi ne rage wuta. In ya tsufa, yakan hana ta wucewa, ko ya sako ta fiye da kima.

Tsoho ya ajiye kwamfutar gefe. Ya bi wutar daki-daki, kamar mai garka yana bin ruwa daga rijiya zuwa fangali.

Da fari ya shafa waya da yatsu. Ya iske wurin da ɓera ya gaigaya. Ya yanke, ya haɗa.

Na biyu ya duba fizibil, wato siririyar waya cikin ƴar kwalba, wadda ke ƙonewa in wuta ta yi yawa. Lafiyarta lau.

Na uku ya soka akwatin shi kaɗai ga kuran, ya ɗora na'urar awo. Allura ta wuce 5, ta tsaya a 7. Gabana ya faɗi. Da na haɗa ta tun fari, da ƙwaƙwalwar ta ƙone, ga shi kayan gyaranta wuyar samu gare su yanzu.

Ya cire waya, ya jira, sannan ya buɗe akwatin. Ciki akwai ƴan gwangwanaye masu ajiye wuta. Biyu sun kumbura, don zafi da daɗewa na busar da ruwan da ke cikinsu. Ya ce ko an cire waya suna iya riƙe wuta, kada yaro ya sa hannu. Ya canja su, ya canja abin da ke daidaita bolt 5. Ya sake awo. Allura ta tsaya daidai.

Sai yanzu ya haɗa kwamfuta da telebijin. Muka sa kaset, muka jira. Can sai rubutu ya fito: sunana, da tambaya, 7 sau 8 nawa ne? Na daɗe ban iya dannawa ba.

Yara, in wani abu na kuran ya ƙi tashi a gidanku, kada ku buɗe shi. Ku kira babba. Ku tsaya kusa ku ga inda zai fara: waya, fizibil, sannan awo.