Hayaƙi a Cikin Moɗa

Ban taɓa ɗanɗana mezcal ba, ba ni kuma da niyya, domin giya ce. Sai dai a wajen wani taro na zauna kusa da wani ɗan jarida mutumin Meziko, wanda ya kwashe rabin sa'a yana siffanta mini ita. A jiharsu ta Wahaka, in ji shi, sai tsiron agabe ya shekara bakwai ko takwas kafin a sare gindinsa, a binne cikin rami bisa duwatsu masu zafi, ya yi kwanaki yana gasuwa. Can take samo ɗanɗanon hayaƙinta. Ba a kwankwaɗa: a ɗan ƙoƙo ake zubawa, a sansana, a kurɓa kaɗan. Tun 1994 doka ta keɓe sunan ga wasu yankunan ƙasar kawai.

Yana magana, hankalina ya koma Dutsi, gindin randar kakata.

Ran wankin randa, Iya kan dirje cikinta, ta tara ƙaiƙayin gero a ƙasa ta sa masa garwashi, sannan ta kife randar a kai har hayaƙi ya ratsa yumɓun. Bayan nan ta cika ta, ta jefa saiwar jema, ta rufe da faifai. Sanyin ruwan daga naso yake: abin da ya tsattsafo ta jikin randa shi iska ke ɗauka, ya tafi da zafi. Ƙamshin kuwa hawa-hawa yake zuwa. Kafin moɗa ta kai baki hanci ya ji ƙasa, irin ta yayyafin farko. Hayaƙi na biyo baya a kan harshe, ba mai yawa ba, don da ya zarce ya zama ƙauri. Jema ba ta bayyana sai an haɗiye.

"Maigida, wa ya koro ka?" haka take tsokanata idan na ɗaga moɗa na shanye a tsaye. "Zauna ka ji ruwan."

Ji take cewa, domin a Hausa kunne da hanci da harshe duk ji suke yi. Kalmomin ma ba mu rasa ba: garɗi, bauri, zartsi, gafi, salam. Iya kan kurɓi ruwa ta faɗi rijiyar da aka ɗebo shi. Mutanen Meziko sun rubuta irin wannan sani, sun yi masa doka, suna sayar wa duniya. Ni da na karanci aikin jarida ban taɓa tambayarta tsawon lokacin da randa ke buƙata a kan hayaƙi ba.

Ta rasu shekara huɗu ke nan. Yanzu ruwan leda ake sha a gidan, daga firji idan an kawo wuta. Bara da Sallah na sayi sabuwar randa, na turara ta yadda na iya tunawa, na miƙa wa 'yata moɗa. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Baba, ruwan ya ƙone." Har yau ina tunanin ko ni na cika hayaƙi, ko harshenta ne bai san hanyar ba.