Katangar Waɗanda Suka Ci Yaƙi

Wani injiniyan ruwa, Bagobiri ɗan Tsibiri ta kusa da Maraɗi, ya yi wata tara yana ƙaro ilimi a birnin Toulouse na kudancin Faransa, bai leƙa ƙauye ko sau ɗaya ba sai da ya rage masa mako guda ya koma gida. Ranar Asabar ɗin ƙarshe ya yi hayar mota ya nausa kudu, wajen tsaunukan da suka raba Faransa da Sifen. Bayan garin Lavelanet hanya ta ƙanƙance, ta riƙa nannaɗewa tsakanin kurmi da makiyayar shanu, gidaje ɗai-ɗai, har ya sha wata kwana ya hango abin da ya kawo shi: wani dutse tsaye shi kaɗai kamar an kife turmi, bisa ƙololuwarsa kuma ga kangon wani gidan yaƙi. Montségur ke nan, wato "dutsen aminci" a harshen mutanen yankin na dā. Tsayinsa mita 1,207 daga doron teku.

Labarin wurin ya riga ya sani, don shi ne ya hana shi barci a daren da ya fara karanta shi. A ƙarni na 12 da na 13 wata aƙida ta yaɗu a wannan yanki, wadda Cocin Roma ya ɗauka a matsayin ɓata. Littattafai suna kiran mabiyanta Katarawa (ba su da wata dangantaka da ƙasar Katar, kama ce kawai ta suna), amma wannan laƙabi ne da abokan gābarsu suka yaɗa. Su dai "mutanen kirki" suke ce wa malamansu. Sun yi imani cewa duniyar da ido ke gani, da jiki da duk abin da hannu ke taɓawa, aikin mugu ne, ruhi kaɗai ne na Ubangijin alheri. Malamansu, maza da mata, ba sa cin nama, ba sa rantsuwa, ba sa kisa. A shekarar 1209 Fafaroma Innocent na Uku ya sa aka ɗaura musu yaƙi, mayaƙan arewacin Faransa suka kwararo kudu, aka shafe shekara 20 ana gwabzawa. Da aka yi sulhu a 1229, ƙasar ta kama hanyar faɗawa hannun sarkin Faransa, sauran malaman kuma suka yi ta janyewa zuwa kan duwatsu. Daga 1232 Montségur ya zama cibiyarsu.

A watan Mayu na 1242 wasu mayaƙa suka sauko daga dutsen, suka kashe alƙalan kotun binciken aƙida a garin Avignonet. Shekara na zagayowa rundunar sarki ta yi wa dutsen ƙawanya. Wata goma ana abu ɗaya. A tsakiyar sanyi wasu gwanayen hawa suka haura ta gefen gabas da dare, suka ƙwace wani wurin tsaro, aka sami inda za a kafa katafariyar majaujawar katako mai jifa da duwatsu. Farkon Maris na 1244 na sama suka miƙa wuya, bisa sharaɗin a ba su kwana 15. Sojoji za su tafi da rayukansu, duk wanda ya bar aƙidar shi ma zai tsira. Ranar 16 ga Maris aka ƙone mutum fiye da 200 a gindin dutsen, waɗanda suka ƙi bari.

Abin da ya fi tsaya wa injiniyan a rai shi ne waɗannan kwanaki 15. A cikinsu mutum kusan 20 waɗanda hukuncin bai hau kansu ba, har da sojoji da Corba matar mai gidan yaƙin, suka nemi a shigar da su sahun malamai, alhali sun san ranar da aka sa da abin da za a yi a cikinta. Ya so ya tsaya inda suka tsaya, ya dafa bangon da suka dafa.

Hawan bai kai yadda ya zata tsawo ba, kamar rabin awa, amma ya ji a gwiwa. Hanyar ƙafa ce mai duwatsu, sawayen mutane sun goge su har suna santsi. Tun a ƙasa ya wuce wani ɗan dutsen tunawa da aka kafa a 1960 a filin da ake kira filin ƙonannu, an ajiye furanni a gindinsa. Da ya kai sama ya shiga ta babbar ƙofa, sai ga shi cikin fili mai tsawo, ba rufi, katanga ta kewaye shi, a ƙarshensa hasumiya mai siraran tagogin harbi. Iska tana kaɗawa da ƙarfi. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin bango, ya daɗe a haka.

Sana'a ba ta barin mai ita ko a wurin juyayi. Yana tsaye ya fara lissafi: an ce mutum wajen 500 suka zauna a nan wata goma. Ya auna filin da taku, ya duba ma'ajiyar ruwan sama da ke wajen hasumiya, ya ga ko cushe su aka yi kamar buhunan gero, wurin ba zai ɗauke su ba. Ga kuma aikin ginin. An sassaƙa duwatsun an jera su da natsuwa, irin aikin magina da ake biya daga baitulmali, waɗanda ba wanda ke korarsu. Bai yi kama da mafakar mutanen da ake farauta ba.

Wata dattijuwa mai yi wa baƙi jagora tana zaune kan dutse tana jiran ayarinta su gama ɗaukar hoto. Ya gaishe ta da ladabi, ya faɗa mata lissafinsa. Ta yi murmushi irin na wadda ta saba ba da labari mara daɗi, ta ce masa lissafinsa daidai ne. Katangar da ya dafa, Katarawa ba su taɓa ganinta ba. Bayan 1244 an rushe abin da ke kan dutsen, aka damƙa shi ga gidan Lévis, zuriyar ɗaya daga cikin jagororin rundunar da ta zo daga arewa, su suka gina wannan don tsaron iyakar sarki.

Haka abin yake a sauran kangayen yankin da ake tallatawa da sunan gidajen yaƙin Katarawa. Quéribus da Peyrepertuse, waɗanda ke maƙale a kan tsaunuka can gabas, mafi yawan abin da ya rage a cikinsu ginin sarakunan Faransa ne, don gadin iyakarsu da masarautar Aragon wadda aka shata a 1258. Da yarjejeniyar 1659 ta tura iyakar kudu, sai suka zama masu gadin gonar da aka riga aka girbe, aka bar wa iska da ciyawa. Wato kangon ma ba yaƙin Katarawa ya mayar da su kango ba, rashin amfani ne.

Mutum na iya cewa to, mene ne a ciki, ai dutsen dai shi ne dutsen. Akwai gaskiya a nan. Amma kuskuren ya haifi 'ya'ya. An yi marubutan da suka auna kusurwoyin wannan gini suka ce ɗakin bautar rana ne na Katarawa, har yanzu kuma a ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, cikin watan Yuni, mutane kan hau tun asuba su ga haske ya ratsa tagogin hasumiya. Suna neman asirin waɗanda aka ƙone a cikin tagogin da waɗanda suka gāji wurin suka huda don harba kibiya. Masu sayar da tikiti da katin hoto ba su da dalilin gaggawar gyara wannan fahimta, don sunan wanda aka zalunta ya fi sunan mai gadin iyaka jawo baƙi.

Dattijuwar ta nuna masa wata ƙaramar ƙofa a ɗaya gefen, ta ce in yana son mutanensa, can suke. Ya fita. A bayan katanga, kan gangaren da ke kallon rami, akwai 'yan dandamaloli da aka sassaƙa a jikin dutse hawa-hawa, da guntayen tushen bango da ba su kai gwiwa ba. Nan ne ƙauyen yake. Ƙananan ɗakuna na dutse da katako, manne da juna, kowanne bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ba mai ɗaukar hoto a wajen. Ya zauna kan ɗaya daga cikin tushen, ya ga wurin ya fi dacewa da su: mutanen da suka ce duk abin da ake taɓawa banza ne, da wuya a ce sun bar hasumiya.

Hatta sunayensu ta hannun abokan gāba suka iso. Bayan faɗuwar dutsen alƙalan kotun aƙida sun titsiye waɗanda suka tsira, magatakarda suna rubutawa: wa ya hau, wa ya kai abinci, wa ya durƙusa wa wane malami. Daga waɗannan takardu aka san Corba, aka san Bertrand Marty shugaban malaman, aka san sojojin da suka zaɓi wuta. An rubuta su ne don a hukunta, su ne kuma suka hana mantuwa.

A zaune a nan Alƙalawa ta faɗo masa a rai, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, wanda zuriyar masu sarautarsa suka kafa Tsibiri daga baya. Bai haɗa yaƙin biyu a sikeli ɗaya ba, don ya san kowanne da dalilinsa da zamaninsa. Abin da ya dame shi daban ne. Duk abin da ya karanta a makaranta game da faɗuwar birnin, asalinsa daga alƙalamin waɗanda suka ci yaƙin ne. Abin da kakarsa ke faɗa da dare a tsakar gida kuwa, bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba, ga shi ta rasu. Ya ƙetaro teku ya hau dutsen wasu, amma kufan kakanninsa da ke ƙetaren iyaka kaɗan, a ƙasar Sabon Birni, bai taɓa taka shi ba.

Da ya sauko ƙauyen ya leƙa ɗan gidan tarihinsu, ya ga mulmulallun duwatsun majaujawa da aka tono a kan dutsen, da makullai da allurai da ɓaraguzan tukwane. Kafin ya tada mota ya kira ƙanin mahaifiyarsa a Tsibiri. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Kawu, in na dawo ina son ka raka ni Alƙalawa."

Tsohon ya yi shiru, har ya zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "Mi za ka gani can, ɗana?"

"Ko ba komai, Kawu, ka nuna mini inda abubuwa suke dā."

"To, Allah shi kawo ka lafiya. Mu bari ruwa su ɗauke, hanya ta bushe. Ka taho da littafi da abin rubutu, don ni ma na fara mantuwa."