Ziyara Zuwa Akosombo: Ƙaramin Coci a Gefen Babbar Madatsa



Duk mutumin Zangon Lome da ya yi wayo a shekarar 1998 yana tune da watannin da muka kwana cikin duhu, yara na karatun allo da fitilar ƙwai, manya kuwa na cewa ruwa ne ya ja baya a Akosombo. Tun lokacin muke marmarin ganin mafarin wutar da ke haska gidajenmu. Da Allah Ya nufa, mu kaɗan daga cikin 'yan ƙungiya muka yi sallar asuba, muka ƙetare iyaka a Aflao, muka bi ta Ho da Juapong, muka haye gadar Adomi. Kafin azahar muna Akosombo.

Madatsar abar kallo ce. Tsayinta mita 114, tsawonta mita 660, an tare kogin Volta da ita tsakanin duwatsu. An fara aikinta a 1961, aka gama a 1965, Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966, wata guda kafin sojoji su kifar da gwamnatinsa. Babban dalilin gina ta shi ne samar wa masana'antar narkar da sanholo ta Tema wuta. Daga baya, bayan Togo da Dahomey sun kafa hukumar lantarki ta haɗin gwiwa, wato CEB, a 1968, aka ja layi zuwa Lome da Kwatano.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai yana cikin garin ne, a kan tudu: wani ƙaramin cocin Katolika mai suna Santa Barbara. Kamfanin da ya gina madatsar, Impregilo, na Italiya ne, kuma mutanensa sun zo ne bayan sun gama madatsar Kariba a kan kogin Zambezi. A aƙidar Katolika, Barbara waliyyiya ce da masu haƙar ma'adinai da masu fasa dutse da nakiya ke jingina da ita, suna bikinta ran 4 ga Disamba. Saboda haka a Kariba ma Italiyawan sun bar coci mai wannan suna. A Akosombo ma'aikatan kamfanin 28 ne suka rasu tsakanin 1961 da 1966, kuma a wannan cocin ake tunawa da su.

Wani dattijo a cikinmu ya ja ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce: "Ɗan liman, me ya kawo mu nan?" Muka ce: "Baba, ba ibada muka zo yi ba, tarihi muka zo gani." Ya yi shiru, can ya ce: "To, lallai mutanen nan ba su manta da nasu ba." Maganarsa ta bi mu har gida.

Dalili kuwa, ruwan nan ya shafe mu kai tsaye. Tafkin da madatsar ta haifar ya mamaye murabba'in kilomita kusan 8,500, ya tashi mutane kimanin 80,000, aka sake zaunar da su a sababbin ƙauyuka 52. Cikin garuruwan da ruwa ya ci har da tsohon Kete-Krachi, inda fataken goro da shanu suka kafa babban zango a zamanin da yankin ke ƙarƙashin Togo ta Jamusawa. A can ne Alhaji Umaru, malami kuma marubucin waƙoƙi da Larabci da Hausa, haifaffen Kano, ya zauna bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya yi limanci, ya koyar, har ya rasu a 1934. Titunan da almajiransa suka taka yau masunta ke wucewa ta kansu cikin kwalekwale.

Mu ma mun san ɗacin tashi. A 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome, aka mayar da iyayenmu arewacin birni, wajen Agoè da Togblékopé, inda a lokacin daji ne. A filin da gidajensu suke yanzu manyan benayen bankuna ne. Yaro ɗan shekara ashirin na wucewa ta nan a kan babur, bai san nan aka haifi kakarsa ba.

Baƙi daga Italiya sun yi shekara biyar a bakin Volta, suka bar ginin da har yau ke tuna wa mai wucewa cewa an rasa rayuka a wurin. Mu kuwa tun zamanin Jamusawa muke Lome, amma labarinmu yana bakin dattawa ne kawai, su kuma kullum raguwa suke yi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Muna roƙon kowane gida ya zaunar da tsohon da ke cikinsa, a rubuta, da boko ko da ajami: daga ina kakanni suka zo, a wane layi gidansu yake a tsohon Zango, wa ya yi limanci, wa ya yi sarauta, wa ya koyar da karatu. A kawo wa ƙungiya, a adana.

Mun yi la'asar a masallacin 'yan'uwanmu na Atimpoku, muka kamo hanya. Da muka iso Aflao, fitilun Lome sun riga sun kama.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Wassalam.