Kowa Koci Ne a Titin Koudoukou

A unguwarmu ta Kilomita Biyar, wadda 'yan Bangui ke kira PK5, da wuya ka sami namijin da bai fi kocin ƙasa sanin wanda ya kamata a saka a fili ba. Tela ya sani, mai shayi ya sani, ɗan acaɓa ya sani, har mai sayar da goro a bakin Babban Masallaci yana da nasa jerin 'yan wasa goma sha ɗaya a ka. Shekaru ke nan ina gabatar da shirin wasanni a rediyo, inda muke buɗe layin waya bayan kowane wasa na tawagar ƙasa, wato Fauves, namun dawan Bas-Oubangui. Muna yin shirin da Sango da Faransanci, amma idan mai kira ya hasala ya juye zuwa Hausa, ni ma sai in bi shi. Daga wannan kujera na fahimci cewa gardamarmu iri biyu ce. Akwai ta wanda zai fara wasa, musamman mai tsaron gida da mai lamba tara, ita ce mai hayaniya. Akwai kuma ta waɗanda ke zaune a benci, wadda ba kowa ke damuwa da ita ba, alhali a ganina ita ce ke yanke mana hukunci.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka, masoya ƙwallonsu mai kama da ƙwai sukan kwashe mako guda suna musu a rediyo kan mutum ɗaya, wanda ke karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan gaba, ko a bar shi ko a sauya shi. Mu a nan gola ne ke ɗaukar wannan kaya. Dalili kuwa a fili yake: kuskuren ɗan tsakiya yakan ɓace a cikin turmutsutsu, na gola kuwa a allo ake rubuta shi. 'Yan unguwarmu da ke bin tawagar Najeriya sun ga yadda aka yi wa Maduka Okoye ca a watan Janairun 2022, bayan ƙwallon da Youssef Msakni na Tunisiya ya zura masa a Garwa. Sun kuma ga yadda José Peseiro ya ajiye Francis Uzoho a gasar da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, ya ɗauko Stanley Nwabali na ƙungiyar Chippa United, wanda mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Nwabali ya tare fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Washegari duk wanda ya kira ni cewa yake tun farko shi ya faɗa.

Abin da nakan tuna wa masu kira shi ne, Peseiro ya iya sauya gola ne domin yana da wani golan da zai saka. Kocin Fauves sau da yawa yakan waiwaya benci ya ga babu wanda zai shiga wasan bai ragu ba. Tarihinmu ma ya nuna haka.

A watan Yunin 2012 muka fitar da Masar daga wasannin share fagen gasar cin kofin Afirka, ƙasar da ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Mun ci su 3-2 a Iskandariya, Hilaire Momi ya zura biyu, sannan aka tashi 1-1 a Bangui. Ina ɗalibin aikin jarida a lokacin, kuma na ga Titin Koudoukou ya cika maƙil da babura da masu buga jarka har tsakar dare. Saura mataki ɗaya. Muka ci Burkina Faso 1-0 a gida, muka je Wagadugu a watan Oktoba. Har cikar minti 90 ana 2-1, sakamakon da zai kai mu gasar saboda ƙwallon da muka ci a waje. A cikin ƙarin lokaci Alain Traoré ya zura ta uku. Burkinar nan ce ta kai wasan ƙarshe a 2013, inda Sunday Mba ya ci wa Najeriya kofin.

Bayan shekara goma sha ɗaya sai ga irinta. Ranar 7 ga Satumba 2023, a Kumasi, nasara kan Gana za ta kai mu gasar a karon farko. Louis Mafouta ya fara ci mana, Mohammed Kudus ya rama da bugun tazara, ana dab da tashi Ernest Nuamah, wanda ya taso daga benci, ya ƙarasa mu. A daren nan wayoyi sun yi ta shigowa, kowa da wanda yake zargi: wani gola, wani koci, wani alƙalin wasa. Wani direban babbar mota da ke zirga-zirga tsakanin Bangui da Garoua-Boulaï ne ya faɗi maganar da ta fi zauna mini. Ya ce, "Malam, ni ban san dabarar ƙwallo ba, amma na san ba na barin tasha babu safaya. Mu da taya huɗu muka je Kumasi, su kuwa har da na ajiya." Tun da aka halatta sauya 'yan wasa biyar a 2020, maganarsa ta ƙara nauyi, domin kusan rabin waɗanda ke cikin fili ana iya sabunta su. Ƙasar da ke da ƙwararru ashirin ta samu riba, mai goma sha biyu kuwa ta ƙara shiga uku.

Me ya sa bencinmu ba shi da kauri? Na farko, mu kaɗan ne, duk mutanen ƙasar nan ba su kai na jihar Kano ba. Na biyu, gasar cikin gida ba ta ciyar da ɗan wasa. Ƙungiyoyi irin su Tempête Mocaf da Olympic Real da Anges de Fatima da DFC8 suna da tarihi da magoya baya, amma yaron da ke buga musu sai ya haɗa da wata sana'a kafin ya ci abinci. Na uku, filin wasa na Barthélemy Boganda mai ɗaukar mutum 20,000 ya daɗe bai cika sharuɗɗan hukumar CAF ba, har ta kai wasanninmu na "gida" a Duwala ta Kamaru muka riƙa buga su. Yaron da bai taɓa ganin tawagar ƙasarsa da idonsa ba, da wuya ya yi mafarkin saka rigarta.

Daga nan ne gardamar 'yan gida da 'yan waje ke tasowa, kuma ita ce ta fi zafi a layin wayata. Masu goyon bayan 'yan waje sukan kawo Geoffrey Kondogbia, wanda aka haifa a Faransa, ya ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da ita a 2013, ya buga wa Monaco da Inter da Valencia da Atlético Madrid, kuma a 2018 ya zaɓi ƙasar iyayensa. Su ce a bi Turai gida-gida a nemo irinsa. Ɗaya ɓangaren kuma su ce wanda ya sauka daga jirgi kwana uku kafin wasa bai san zafin ranarmu ba, kuma 'yan gida zalla ne suka fitar da Kamaru a watan Disambar 2024, suka kai mu gasar CHAN a karon farko. Sai na farko su mayar musu da cewa ai a gasar ba mu tsallake rukuni ba. Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. 'Yan waje na iya cika mana goma sha ɗayan farko, amma mutum na goma sha biyu zuwa na ashirin da uku a nan za a raine su, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani abu a ƙarƙashin wannan musu wanda baƙo ba zai ji ba. Idan ɗan Kilomita Biyar ya tambayi wa ya cancanci saka rigar ƙasa, tambayar ta taɓa shi shi ma. Kakannin da yawa daga cikinmu daga Kano da Katsina da Barno da Garwa da Cadi suka zo fatauci, nan suka haifi iyayenmu, nan aka binne su. Duk da haka, bayan rikicin da ya ɓarke ranar 5 ga Disamba 2013, an kira mu baƙi, unguwar ta zama kamar kurkuku. Tafiyar da ba ta wuce 'yan mintuna a babur zuwa filin wasa ba ta zama kasada da rai. Titin da muke alfahari da shi sunan Georges Koudoukou yake ɗauke da shi, sojan ƙasar nan da ya rasu a 1942 sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Bir Hakeim, kuma ta kansa Paparoma Francis ya bi ya zo Babban Masallaci ranar 30 ga Nuwamba 2015. Sannan ga wani ƙulli: mutumin da ke shugabantar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a waɗancan shekaru, Patrice-Édouard Ngaïssona, shi ne aka kama a Faransa a watan Disambar 2018, kuma a watan Yulin 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta yanke masa ɗaurin shekara 12 saboda rawar da ya taka a ƙungiyar anti-balaka. Na san gidaje a unguwar nan da suka yi shekaru ba a kunna wasan Fauves a cikinsu.

Shi ya sa ranar 7 ga Oktoba 2021 take da muhimmanci a wurina fiye da sakamakonta. Najeriya ce ta karɓi baƙuncinmu a filin Teslim Balogun na Legas, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya. Kafin wasan, rabin gidajen kallon unguwar na Najeriya ne, saboda Ahmed Musa da kuma dangin da ke can. A minti na 90 Karl Namnganda, wanda ke buga wa wata ƙaramar ƙungiya a rukuni na huɗu na Faransa, ya zura ƙwallo ɗaya tilo. Da na buɗe layi, wani dattijo mai sayar da yadi ya kira, muryarsa na rawa. Na ce, "Baba, yau ta'aziyya za mu yi maka ko murna?" Ya ce, "Ɗana, mahaifina Bakano ne, kuma da rigar Najeriya na zauna kallo. Da yaron nan ya ci, ban san lokacin da na tashi ina ihu ba. Yau mun ba su kunya." Na ce, "Baba, su wa suka ba su wa kunya?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ma ka sani." Bayan kwana uku Najeriya ta rama da ci 2 da nema a Duwala. Dattijon ya sake kira, wannan karon yana faɗa kan wanda kocinmu Raoul Savoy ya bari a benci.

Tun daga lokacin nake sauraron masu zagin koci da wani kunne daban. Mutum ba ya ɓata kuɗin katinsa yana gardama kan tawagar da ba tasa ba. Wanda ya kira yana cewa "me ya sa ba mu saka wane ba", ya riga ya shigar da kansa cikin "mu", kalmar da a 2014 ba ta fita daga bakin ɗan unguwar nan da sauƙi. Wani lokaci mai kira daga Boy-Rabe ko Fatima yakan goyi bayan mai kira daga Kilomita Biyar kan batun gola, ba tare da ɗayansu ya tambayi sunan ɗaya ba.

Duk da haka ina da sharaɗi a shirina. Duk wanda ya ce a cire wani, sai ya faɗi wanda za a saka, da ƙungiyar da yake bugawa, da ranar da ya gan shi yana wasa. Yawanci a nan layi kan yi tsit. Kuma ba na barin a zagi iyayen ɗan wasa ko ƙabilarsa ko addininsa, domin mun ga inda irin wannan magana take kai gari.

Ƙasar nan ta taɓa sanin daɗin tawaga mai kauri. A ƙwallon kwando mun ɗauki kofin Afirka a Bangui a 1974, muka sake ɗauka a Tunis a 1987, muka je gasar Olamfik ta Seoul a 1988 da su Anicet Lavodrama da Fred Goporo. Dattawan da suka ga zamanin sukan ce a lokacin makarantu da unguwanni cike suke da masu wasa, koci na da zaɓi. Yau da la'asar, a kowane lungu da ya ɓalle daga Titin Koudoukou, za ka tarar da yara suna tamaula babu takalmi, duwatsu biyu ne ragarsu. Wasunsu ko takardar haihuwa ba su da ita, kuma babu ƙungiyar da za ta yi wa yaro rajista ba tare da ita ba. Na fara ware minti goma na ƙarshen shirina domin wasannin unguwa, ina karanta sunayen ƙungiyoyin yara da sakamakonsu. Masu kira sukan yi ƙorafi cewa na cinye musu lokacin faɗa da koci. Nakan ce su yi haƙuri, su zo filin unguwa ranar Asabar su ga yaran, domin nan da shekara goma a kan waɗannan sunaye za su kira ni.