Beji: Inda Ake Musu A Kan 'Yar Sanda

Matafiyin da ya baro Minna ya nufi Zungeru, in ya wuce Maikunkele, zai iske Beji, garin manoman doya a Ƙaramar Hukumar Bosso ta Jihar Neja. Kasuwarsa ce ta yi suna, amma a gefenta akwai wata rumfa ta wasan talabijin, wadda samari ke kira gidan gem. Can na tarar ana ta musu, domin wani yaro ya biya kuɗinsa an cinye shi, ya ce ba laifinsa ba ne, 'yar sandar da ake turawa da babban yatsa ce ta ƙi komawa tsakiya.

Jama'a, yaron nan yana da gaskiya. Tura sanda hagu ko dama ba wuya, ƙwarewa tana wajen dawowarta in an sake ta. Tun zamanin manyan akwatunan wasa da ake jefa wa kwabo, irin su Pac-Man na 1980, maƙera suka san haka.

Kowace ƙasa da dabararta. Kamfanin Sanwa na Japan yana sa sifirin mai laushi, sai sanda ta bi hannu ba gajiya, sai dai takan yi lilo in an sake ta da ƙarfi. Na kamfanin Happ na Amurka ya fi tauri, yana neman ƙarfin hannu. Mutanen Koriya kuwa zoben roba suke sawa, wanda ke ƙara tauri gwargwadon nisan turawa, sa'an nan ya komo da sanda nan take. Shi ya sa gwanayensu na wasan Tekken suke sonsa.

Ƙananan sandunan PlayStation, irin na DualShock da ya fito a 1997, su ma da sifirin a ciki. In ya saki, ko ƙura ta shiga, ko ma'aunin ciki ya cinye, sai ɗan wasan da ke cikin akwatin ya kama tafiya ba wanda ya aike shi. Har shugaban Nintendo ya nemi gafarar masu saye a 2020 saboda irin wannan cuta.

Saboda haka, mai sayen na hannu, ka tura sandar kusurwa huɗu ka saki tukuna. In ba ta tsaya cak ba, riƙe kuɗinka. Masu rumfuna kuma su gyara kayansu, gama kuɗin yaro ma haƙƙi ne.