Jinin da na ɗauka alamar girma ce

Wata Asabar da safe uwargida tana wanki a tsakar gida ta kira ni gefe. Ta miƙo min gajeren wandon ɗanmu na biyu, mai shekara 10, ta nuna min wani tabo ja a gabansa. Ta ce, "Malam, wannan ne karo na uku da nake gani." Na duba na yi dariya. Na ce mata tsargiya ce, duk yaro namiji yana yi, ni ma na yi, kuma da kanta take tafiya. Har yau in na tuna wannan dariyar sai kunya ta kama ni.

A wani ƙauye kusa da Kura a Jihar Kano na tashi, inda hanyoyin ruwan noman rani da ke tahowa daga madatsar Tiga suka ratsa gonaki. A cikinsu muke wuni muna iyo. Yaron da fitsarinsa bai taɓa yin ja ba har tsokanarsa muke yi, wai bai girma ba. Manya su ce zafin rana ne, a jiƙa mana saiwa mu sha. Da wannan fahimtar na taho kudu, na shekara kusan ashirin a Sabon Abeokuta ina sayar da hatsi, ban taɓa tsayawa na tambayi kowa ba.

Uwargida ba ta yarda da dariyata ba. Ta fara kai yaron kemis, aka ba shi wasu kafso na kwana biyar, jinin bai tsaya ba. Daga nan ta matsa min lamba muka tafi asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Aka karɓi fitsarinsa, aka duba a madubin likita, aka ga ƙwayayen tsutsar. Ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa Bayarbiya, ta zaunar da ni ta yi min bayani da Turancin buroka, don ta lura Yarbancina na ciniki ne kawai.

Ashe ba rana ce ke kawo ta ba, ba kuma shan ruwan ba. Wasu ƙananan dodon koɗi ne da ke zama a kududdufi da gefen kogi da madatsar ruwa suke renon tsutsar. In yaro ya shiga ruwan, sai ta huda fatarsa ta shiga jini, ta girma, ta riƙa zuba ƙwai a jikin mafitsara. Ƙwan ne ke yi wa mafitsarar rauni, shi ya sa jinin kan fito a ƙarshen fitsari. In mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya koma wa dodon koɗin, zagaye ya ci gaba. Da ta ce haka sai na tuna hutun da yaron ya yi wajen kawunsa mai su a bakin madatsar Oyan, da kuma ranakun Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, su da abokansa su sulale bakin kogin Ogun.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne cewa tsayawar jinin ba warkewa ba ce. Cutar tana jawo ƙarancin jini, yaro ya riƙa kasala da gyangyaɗi a aji, girmansa ya tsaya. In aka bar ta shekara da shekaru takan lalata mafitsara da ƙoda, wani lokaci har ta kai ga sankarar mafitsara. Ni kuwa sau biyu ina dukan yaron nan a kan sakamakon jarrabawa.

Sai ta tambaye ni wace makaranta yake zuwa, ba a ba su magani a can ba? Ta ce akwai maganin da ake kira praziquantel, wanda kamfanin Merck ke bayarwa kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ana raba wa 'yan shekara 5 zuwa 14 a makarantu a wuraren da cutar ta yi yawa. Ba a ma buƙatar sikeli, wata sanda ce mai alamomi ake auna tsawon yaro da ita a san ƙwaya nawa zai sha. Sau da yawa ana haɗawa da maganin tsutsar ciki.

Ɗan maƙwabcina Bayarabe, sa'an ɗana, ya sha wannan magani a makarantar gwamnatin da yake zuwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Namu yaran kuwa suna makarantar da mu 'yan unguwa muka haɗa kuɗi muka buɗe, boko da safe, Islamiyya da yamma, kuma sunanta ba ya cikin jerin da masu rabon ke bi. Haka almajiran da ke kwana a zauren malam, haka 'yan matan da ke tallar fura da awara. Waɗanda suka fi kowa shiga ruwan su ne takarda ba ta san da su ba.

Amma ba zan ɗora wa hukuma laifin duka ba. Da na tayar da maganar a majalisarmu bayan sallar isha'i, wani dattijo ya tuna mana cewa shekarun baya wasu ma'aikata sun taɓa zuwa da ƙwayoyi, muka ce ba ma so, wai maganin hana haihuwa ne. Sun yi bayani da Yarbanci, matan gida ba su ji ba, mazan kuma muna kasuwa. Ba su sake dawowa ba, mu ma ba mu neme su ba. Ina cikin waɗanda suka ce a rufe ƙofa a wancan lokacin.

Mu huɗu muka je fadar Sarkin Hausawa, daga nan aka haɗa mu da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Sai da muka yi zuwa uku kafin a sa mana rana. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, wata 'yar unguwarmu da ta yi makarantar koyon aikin lafiya ta bi gida-gida tana yi wa mata bayani da Hausa. An gargaɗe mu kada yaro ya sha da yunwa, don maganin yana da ɗaci kuma yakan sa jiri da ciwon ciki, saboda haka muka yi karo-karo aka dama kunu aka soya ƙosai. Jikan liman aka fara bai wa a gaban kowa. Duk da haka yara biyu sun yi amai, wata uwa ta zo da mayafi a kafaɗa tana faɗa, sai da aka zauna da ita har yaron ya miƙe ya koma wasa.

'Yan matan ne har yanzu ke damuna. Kaɗan ne iyayensu suka bari suka zo, wai ai cutar maza ce. Alhali mace ma tana kamuwa wajen wanki da ɗibar ruwa, kuma a jikinta cutar takan taɓa mahaifa, a yi ta shan maganin sanyi ba a dace ba, wata ma ya zame mata matsalar haihuwa bayan aure.

Fitsarin ɗana ya washe cikin 'yan makonni, cin abincinsa ya dawo. Sai dai ma'aikaciyar jinyar ta faɗa min ƙarara cewa maganin ba rigakafi ba ne, ranar da ya koma ruwan zai iya sake ɗauka. Ga shi hutu ya kusa, jiya da daddare ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, zan je wajen Kawu bana?" Na ce masa ya bari na yi shawara da mamansa. Ni ma dai ta rubuta min takardar hoton mafitsara da ta ji labarin ƙuruciyata a Kura. Takardar ta yi wata biyu a aljihun rigata, uwargida ta ce ranar Litinin da kanta za ta raka ni.